Ranar da na roƙi kwamfutar Kawu a gaban liman

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ta shagon Kawu Sale ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar Bololo ba su da niyyar taimaka mini. Har yau in na ji ɗan ƙaran nan da kwamfuta ke yi idan za ta sanar da kuskure, sai in waiga, ko da a teburin wani ta yi shi ni kuwa wucewa kawai nake yi.

Bari in faɗa muku yadda na kai kaina wurin. Na yi lise, wato sakandare, har ajin ƙarshe, jarrabawar fita da ake kira bak ta ƙi ni, na dawo gidanmu a Milezi ina wanke-wanke ina jin rediyo. Da zaman ya ishe ni sai na matsa wa Baba har ya yarda in shiga wata 'yar santar ta koyon kwamfuta a Amriguébé, ɗaki ɗaya mai fankar sama da injuna 'yan kaɗan. Sharaɗinsa matakin farko kawai, wato koyon buga takarda. To ni Allah ya yi ni da taɓe-taɓe. Duk abin da na gani a allon kwamfuta sai na danna na ga me ke bayansa (tun ina ƙarama haka nake, na taɓa kwance agogon bangon Inna don in ga mai buga ƙararrawar, har yau bai sake bugawa ba). Malamarmu Madam Delfin ta lura da ni. Maimakon ta kwaɓe ni, sai ta fara tsayar da ni bayan an tashi tana nuna mini Access, wata manhajar ajiye lissafi, da yadda ake rubuta wa maɓallai umarni ta bayan fage, ka ce in an danna nan a yi kaza. Ranar da na rubuta 'yan layuka na danna kuma abin ya yi mini biyayya, ko abincin rana ban iya ci ba don murna.

Matsalar ita ce mataki na biyu, inda ake koyar da wannan aikin sosai. Baba bai ga dalilinsa ba.

"Kin iya buga takarda ko ba ki iya ba?"

"Na iya, Baba."

"To me ya rage? Kullum ki tsallaka gari a cikin kar ɗin haya, ki dawo mana da jajayen idanu."

Kawu Sale, yayan Inna, mai shagon yadi a Bololo, shi ya shiga tsakani. Ya sayi kwamfuta ta hannu, tana nan zaune a shago an lulluɓe ta da ƙyallen atamfa, babu wanda ya san abin da za a yi da ita. Ya ce wa Baba, "A bar uwata ta yi mini abin da zai riƙa gaya mini kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. In ya yi amfani ta ci gaba da karatunta, in bai yi ba shi ke nan." (Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana uwata.) Baba ya ce, "To, mu gani." Karatuna gaba ɗaya a kan wannan "mu gani" ɗin ya rataya.

Na zage na yi aikin. Taga ta farko tana yi wa mutum barka da zuwa da sunan shagon da manyan baƙaƙe kore, ƙasanta maɓallai: kaya sun shigo, kaya sun fita, me ya rage. Ka danna, ka zaɓi shadda ko atamfa ko lafaya, ta gaya maka turmi nawa ke nan, da ranar da aka kawo su. Kuma yana aiki. Don Allah ku riƙe mini wannan, domin ita kaɗai ce kariyata a labarin nan: a santar, a kan injin da ke kusa da taga, babu ranar da ya ƙi. Akwai abin da muke kira kompile, wato kafin kwamfuta ta bi umarnin da ka rubuta sai ta karance shi ta tabbatar ta san kowace kalma, in ta ci karo da wadda ba ta gane ba sai ta tsaya ta nuna maka ita. Nawa sumul yake wucewa. Na kwafe shi a disket, ɗan faifan adana aiki, na naɗe disket ɗin a hankici, na cusa can ƙasan jaka.

A zatona zan shiga shagon ne a hankali, daga ni sai Kawu, wataƙila da Baba a gefe. Na manta halin Kawu. Kawu ba ya fara amfani da sabon abu sai an yi fatiha, ko da kwaɗon ƙofa ne. Cewa yake kakanninmu da suka yada zango a garin nan a kan hanyar Makka ba su taɓa ɗaukar kaya ba tare da fatiha ba, shi kuma ba zai sauya ba don abu ya zo da waya a gindinsa. Ina shan kwana na hango tabarmi har bakin titi. Ga butar shayi a kan mangal ɗin gawayi, ga faranti cike da dabino, turaren wuta yana tashi. Liman yana zaune a tsakiya, Baba a gefensa, masu shagunan layin duk sun hallara. Cikinsu har da Alhaji Ɗanlami mai takalma, Bakano da bai daɗe da zuwa garin ba, wanda duk abin da aka nuna masa ya riga ya ga wanda ya fi shi a Kano. Mace kuwa ni kaɗai ce.

"Ga ta nan, ga injiniyarmu," in ji Kawu. "A ba ta hanya."

Na bi ta tsakaninsu ina durƙushe-durƙushen gaisuwa, Hausa nan, Larabci can. Babu wuta a unguwar tun safe, don haka Kawu ya sa an tayar da gurup, wato janareto, a bayan shago, yana ta ruri har sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. An ɗora kwamfutar a kan teburin yankan yadi, an juyo da fuskarta waje don kowa ya gani. Ƙarƙashin teburin akwai wani akwati mai nauyi da ake kira ondula, wanda ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Kawu ya yaye ƙyallen da kansa.

Na zauna na zura disket. Bakin lafayata sai zamowa yake yana rufe linzamin kwamfutar, in ture shi ya dawo. Ko kwafe aikin zuwa cikin injin ban tsaya yi ba, daga kan disket ɗin na buɗe shi kai tsaye.

Sai ta yi wannan ƙaran.

Wani ɗan akwati mai launin toka ya fito tsakiyar allon: "Erreur de compilation. Projet ou bibliothèque introuvable." Faransancin na gane, tana neman wani abu ne ba ta same shi ba. Amma me? Na danna OK, sai shafin umarnina ya buɗe a gaban jama'a, kamar an bankaɗe labulen ɗakina, kuma ta shafa wa kalma ɗaya shuɗi. Kalmar ita ce Date.

Date fa. Kalmar da ke tambayar kwamfuta yau nawa ga wata. Kalmar da kowace kwamfuta ta sani tun daga masana'anta. Ga kwanan watan ma a rubuce can ƙasan allon, ina ganin sa tana ganin sa. Duk da tsoron da ya kama ni, wani ɓangare na kaina ya tsaya yana mamaki, yana cewa kai, wannan abu da ban sha'awa yake, ta yaya za ta manta abin da ke rubuce a jikinta? Da ni kaɗai ce a wurin da na ji daɗin tambayar.

"Me ta ce, uwata?" in ji Kawu.

"Tana... tana shiri ne, Kawu."

"A Kano dai ana dannawa take tashi," in ji Alhaji Ɗanlami yana kurɓar shayi.

A nan ne dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mai jin tsoro. Na ce a raina, tunda wannan layin ne ke damun ta, bari in cire shi, in an watse sai in mayar. Na goge layin. Ta tambaye ni ko ta adana sauyin, na ce Oui. Na sake buɗewa. Ƙaran ya dawo, akwatin ya dawo, wannan karon ta shafa wa Format shuɗi. Na goge shi. Ta koma kan Left. Na goge. Ta nuna Trim, kalmar da ban taɓa jin ta yi wa kowa laifi ba, aikinta kawai share fili a gefen rubutu. Ita ma na goge ta. Duk wanda ta nuna da yatsa sai in kore shi, in ce Oui, ta nuna na gaba.

Jama'a suna kallon rubutun yana raguwa. Wani dattijo mai dogon carbi ya miƙo wuya ya tambaya da Larabci, "Da shunu?" wato mene ne wannan. Kawu ya ba shi amsa da cikakkiyar natsuwa, "Shara take yi. Ai sabon abu sai an share shi tukuna." Dattijon ya gyaɗa kai ya gamsu. Ni kuwa ban yarda na kalli inda Baba yake ba.

Ban san layi nawa na kashe ba. Na dai san can sai ƙaran ya daina. Na buɗe, taga ta farko ta fito tas, da manyan baƙaƙenta kore, tana yi wa kowa barka da zuwa shagon Alhaji Sale.

Wurin ya ɗauki "Masha Allah." Wani ya karanta wa na bayansa sunan da ƙarfi. Kawu ya gyara hularsa ya dubi Alhaji Ɗanlami, kallon kaɗai ya isa. Har na fara tunanin wataƙila layukan da na goge ba su da wani amfani da ma (wannan tunanin ya fi komai ba ni kunya yanzu).

"To tambaye ta," in ji Kawu, "farar shadda turmi nawa ta rage?"

Na danna maɓallin. Ya lotsa ya taso, kamar yadda maɓalli ke yi. Babu abin da ya fito. Na sake dannawa. Na danna na kusa da shi. Duk suna lotsawa suna tasowa cikin ladabi, amma bayansu fanko ne, don ni da hannuna na kwashe abin da ke ciki.

"Gaisuwa kawai ta iya ke nan," in ji Alhaji Ɗanlami. "To ai ita ma tarbiyya ce."

Na sunkuya kusa da allon ina danne-danne. Ban san bakina yana motsi ba, ballantana in san da sauti yake fita. Rurin gurup ya rufe ni, ni kaina ba na jin kaina. Ana cikin haka gurup ɗin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Mai ne ya ƙare. Ondula ta riƙe kwamfutar ba ta mutu ba, amma shagon ya yi tsit lokaci ɗaya, kuma cikin wannan shirun muryata ta fito fili, kamar an ba ni lasifika:

"Don Allah, don darajar iyayenki, ki rufa mini asiri. Yau kaɗai. Ba zan ƙara ba."

Liman, Allah ya ƙara masa lafiya, kunnensa ya ɗan yi nauyi. Rufin asiri kawai ya tsinta, ya ɗaga hannuwa ya ce, "Amin."

Da liman ya ce amin ai sai kowa ya bi. Amin ta zagaya tabarmi har bakin titi, wasu har da shafawa.

Sai Alhaji Ɗanlami ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Allah gafarta Malam, ba addu'a take yi ba fa. Da injin take magana." Ya ɗan dakata. "Ni iyayen nata nake son a gaya mini su waye."

Ban san wanda ya fara dariyar ba. Na dai ji dattijon mai carbi yana neman a fassara masa, aka fassara, shi ma ya kama. Liman ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna girgiza. Kawu yana cewa "Kalas, ya isa, ku bar mini uwata," amma shi ma hawaye yake sharewa. Ondula ta fara kuka tana sanar da cewa ƙarfinta ya kusa ƙarewa, na kashe injin, na zare disket, na ja lafaya har kan hancina. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya miƙe ya sa takalmansa ya yi wa liman sallama. Kafin mu isa Milezi na riga na yi bankwana da mataki na biyu a zuciyata.

Ranar Litinin na je santar don in kwashe littattafaina. Amma tambayar nan ta ƙi barina, ita ta fi kunyar ma hana ni sukuni. Na miƙa wa Madam Delfin disket ɗin na ba ta labari, na tsallake wurin amin. Ta buɗe ta duba abin da ya rage.

"Wa ya yi masa wannan askin?"

"Ni ce, Madam. Ita ta riƙa nuna mini su."

"In ta nuna miki ƙofa kuma sai ki ɓalle ta?"

Ta ja kujera ta zaunar da ni a gaban injin kusa da taga, inda asalin aikina yake nan lafiya ƙalau. Ta shiga Outils, ta danna Références. Wani dogon jeri ya fito, kowane suna da ɗan akwati a gefensa, na sama-sama da alama a ciki. Ta ce waɗannan su ne bibliothèque ɗin da saƙon ke magana a kai, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye a cikin injin, aikinka yana ara daga wurinsu. Duk wanda ka sa wa alama ka ce wa kwamfuta ke nan da shi za a yi tafiya. Ta ɗora farcenta a kan ɗaya mai sunan kalanda.

"Wannan fa, me yake yi a aikinki?"

Sai na tuna. Akwai ranar da na gano wata kalanda mai kyau da ake mannawa a taga, na sa ta don ado, na ga ta cinye wuri na cire ta. Kalandar ta tafi, alamar ta zauna. Injin santar yana da fayil ɗin kalandar, don haka bai taɓa yin ƙorafi ba. Na Kawu ba shi da shi. Madam ta ce da na buɗe wannan jerin a can, da na ga an rubuta MANQUANT da manyan baƙaƙe a gefen sunan, wato babu shi.

"To Madam, me ya sa ba ta ce kalanda ba? Me Date ya yi mata?"

Ta yi murmushi, ta ce wannan ce tambayar da ya kamata in yi tun ranar Asabar. Idan kwamfuta ta ci karo da kalma irin Date, sai ta ɗauke ta ta bi jerin gida-gida tana tambayar wa ke da ita. In ta iso gidan da aka ce mata yana nan amma ta tarar babu shi, sai ta tsaya cak a wurin ta yi kuka da sunan da ke hannunta. Ba laifin sunan ba ne, shi dai aka tarar a hannu.

"Ke nan alama ɗaya kawai zan cire?"

"Ɗaya."

Na zauna ina kallon ɗan akwatin nan, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Abin haushin shi ne har a lokacin sai da na ji abin ya burge ni.

Da yamma bayan la'asar Baba ya aika a kira ni. Na durƙusa nesa da tabarmarsa ina jiran hukunci.

"Yau na bi ta Bololo," ya ce. "Tun daga bakin layin ake ce mini amin. Har mai gyaran keke."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Da abin ya yi aiki, da na ce kin iya, ya isa haka, ki zauna wa Kawunki a shago. Amma na ga da sauranki, kuma saura mai yawa. Ni ba za a riƙa yi mini dariya a kasuwa a kan rabin sani ba. Za ki koma wurin matar nan, ba za ki fito ba sai ranar da injin zai ji maganarki ba tare da kin haɗa shi da iyayensa ba."

Na ce to Baba, na gode, na tashi da sauri kafin ya ga fuskata.

Shagon Kawu kuwa na koma ranar Laraba da tsakar rana, lokacin da layin ya yi shiru kowa yana cin abinci. Na kwafi asalin aikin, wanda na sake ɗaukowa daga santar, zuwa cikin injin, na buɗe jerin, ga MANQUANT nan zaune yana jirana. Na cire alamar. Na danna maɓalli, ta kawo farar shadda da turminta da ranar da aka sauke ta. Kawu ya leƙo da loma a hannu, ya duba allon, ya juya ya ƙirga na kan kanta da ido.

"Sameh," ya ce. "Daidai ne. Bari in aika a kira su liman su gani."

"Kawu, don Allah a'a."

"To ai sai an sake fatiha, waccan ba ta kama ba."

Da ƙyar na shawo kansa ya yi ta shi kaɗai a zuciya. Haka aka yi kunyata ta samu tabarmi cike da shaidu, nasarata kuma ta samu mutum ɗaya, shi ma hankalinsa rabi yana kan miya.

Yanzu ina mataki na biyu, kuma abin da na koya shi ne in kwamfuta ta nuna wani da yatsa, kada in taɓa shi sai na fara duba wanda aka gayyata bai zo ba. Roƙo kuwa ban daina ba, gaskiya, don har yau in zan danna kompile sai gabana ya faɗi. Sai dai yanzu da baki a rufe nake yin sa.